Hular da Na Baro a Greensboro

Yau kwana ashirin da dawowata, ba ku bar ni na huta ba. A bakin masallaci, a teburin mai shayi, har a wurin zaman makokin da muka je shekaranjiya, tambaya ɗaya ce: "Isufu Mai Sinima, yaya Amirka?" Wani labarin sanyi yake so, wani na motoci, Ila tela kuwa damuwarsa ko da gaske ba a ganin akuya a titi. Bakina ya gaji. To ga shi na rubuta, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Kuma tunda kowa sai ya rufe da "To yaushe 'yar taka za ta zo gida?", ita ma amsar tana ciki, amma sai kun bi ni har ƙarshe.

Saboda yaran yanzu, bari in faɗi inda sunan ya samo asali. Shekara ashirin da wani abu ni ke juya majigi a gidan sinimar unguwarmu a nan Damagaram, ni ke kuma riƙe da lasifika ina mayar wa mutane da Faransanci Hausa. A cikin finafinan da ake aiko mana akwai wani iri da ban gane kansa ba sai daga baya. Tatsuniyoyin mutanen Girka da Rum ne na zamanin da, na gumakansu da jarumansu, sai masu fim su tuɓe musu tsoffin kaya su sa musu wando da kwat. Jarumin da ya yi shekaru yana neman hanyar gida bayan yaƙi sai ka gan shi direban babbar mota. 'Yan'uwa biyun da suka kafa birni, ɗaya ya kashe ɗaya a kan katanga, sai su koma magina masu gardama a kan fili.

Akwai guda ɗaya da ya fi zuwa mana. Wani makaɗi ne a garin masu haƙar kwal, yana kaɗa wani abu da ake matsawa kamar zugazugin maƙera. Amaryarsa ta mutu. Ya sauka can ƙarƙashin ramin haƙa, inda matattu ke zaune, ya yi ta kiɗa har tsohon da ke tsaron wurin ya ji tausayi. Ya ce ya ba shi ita, ya shige gaba ta biyo shi, amma kada ya waiwaya sai sun fita cikin rana. Suna dab da fita, haske ya fara bayyana, sai ya waiwaya. Shi ke nan, duhu ya janye ta.

Ranar da na fara nuna shi har ƙarshe, benci aka jefo mini. Wani mahauci ya rantse sai ya ga mai fim ɗin. Tun daga ranar na samo dabara: da zarar hasken ya bayyana, sai in cire hulata in kifa a idon majigi, in ce cikin lasifika, "Suka fito lafiya, aka yi shagali kwana bakwai!" Sai tafi. Zafin fitila ya ƙona wa hular da'ira baƙa a tsakiya. 'Yata ta fari tana ƙarama a lokacin, tana zaune a kan akwatin fim a gefena, ita ke miƙo mini hular in ta faɗi.

Sunanta ba za ku ji shi a bakina ba, kun san al'ada, 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zama mun yi hira ido da ido ba. Ta yi karatu, ta samu tafiya Amirka. Tana can, shekara bakwai ke nan, uwarta Hadiza ta kwanta. Na yi abin da kowa ke yi: ba a ɗora wa na nesa nauyin cuta. Tana tsakiyar jarrabawa, ga takardunta in ta fito ba lalle ta koma ba. In ta bugo waya sai in ce, "Da sauƙi, barci take yi." Sai da aka kwana uku da binne Hadiza kawun yarinyar ya sanar da ita. Ba ta yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya. Duk Juma'a tana bugowa, mu gaisa, ta tambayi ƙannenta, ta ajiye. Amma ba ta sake tako ƙasar nan ba. Ku kuma in kun tambaye ni, me nake ce muku? "Tana hanya."

Bana sai ga takarda. Ta zama malamar Faransanci a wata jami'a a Greensboro, kuma darasinta a kan irin finafinan nan ne na tatsuniyoyin Girka da Rum. Tana so in zo in nuna wa ɗalibanta yadda muke fassara. A waya ta ƙara magana ɗaya: "Baba, ka zo da tsohuwar hular nan mai ƙuna." Wallahi na ji daɗi. Na ce a raina yarinya ta tuna ƙuruciya, zuciyarta ta sauko. Na yi niyyar ba zan dawo ba sai da ranar zuwanta a hannuna.

Hanyar Yamai kun san ta, ba sai na ɓata muku lokaci ba. Yini guda cur a mota, ƙafafuna suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A Konni na sayi kilishi mai kyau, na naɗe shi cikin rigunana, don tun tana yarinya shi take so. Jirgi ya kai mu Kazablanka, muka sauya wani. A cikinsa na sha wuyar alwala, makewayin kamar akwati, ruwan kuma sai ka danna yake fitowa, kafin ka tara hannu ya ɗauke. Wata baturiya da ke kusa da ni ta ga ina salla a zaune, ta ɗauka ciwon baya ne, ta miƙo mini matashinta.

A New York aka tsare ni. Muna layi sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya zauna a gaban jakata ya ƙi tashi. Subhanallahi! Ni da ko a gida ba na barin kare ya raɓi tabarmata. Aka buɗe jaka, aka zaro kilishi. Ma'aikacin ya yi mini bayani da ladabi, ta bakin wata mai jin Faransanci, cewa nama ba ya shiga ƙasar. Na ce wannan ai ya bushe, ya daina zama nama. Bai yi dariya ba. Ina kallo aka jefa shi cikin kwandon shara. Sai ya ɗago tsohuwar hular, ya juya ta, ya leƙa ƙunar, ya tambayi ko mene ne. Na ce kayan aiki ne. Ya mayar mini.

Ƙaramin jirgi ya ƙarasa da ni Greensboro. Tana tsaye tana jira. Ta rame, ta sa gilashi, kuma tsayuwar uwarta ce sak, har na rasa inda zan sa idona. Ta durƙusa a gaban turawan nan duka ta gaishe ni yadda ya kamata. A mota na ba ta labarin kare da kilishi, ta ɗan murmusa. Ina tsammanin gidanta za mu, sai na ga mun bar gari mun shiga daji. Ta ce ɗakinta ɗaya ne, ta roƙi Alhaji Bukari ya sauke ni. Na ce to. Amma na gane.

Alhaji Bukari Bamaraɗe ne, ya shekara ashirin a can. Gidansa a Pleasant Garden yake, fili makeke, ciyawa kamar an shimfiɗa darduma, amma babu katanga, babu zaure, babu mutum. Kwana huɗu ban ga fuskar maƙwabcinsa ba. Ƙofar garejin ke ɗagawa da kanta, mota ta shige, ta rufe. Rana ta biyu na ce bari in taka in miƙe ƙafa. Ban yi nisa ba motoci biyu suka tsaya, suna tambayar ko lafiya, ko na ɓata. A can wanda ke tafiya a ƙasa to wani abu ya same shi.

Mutumin kirki ne Alhaji, har buta ya ajiye mini a makewayi. Amma ba ya zama. Yana aiki a wani katafaren sito a wajen titin Wendover, kullum maganarsa shif, shif, wato lokacin shiga aiki. In na ce wa 'ya'yansa "Kun tashi lafiya?" su amsa da Turanci, suna ji sarai, bakin ne ya ƙi. Abinci kuwa, komai da sukari. Burodi da sukari, wake da sukari! Kai, har naman gashi sai an shafa masa wani abu mai zaƙi. Na tambaye shi yaya suke zaman makoki a nan. Ya ce, "Malam Isufu, sai ranar Lahadi. In mutum ya rasu Talata, a binne shi, kowa ya koma aiki, a haɗu Lahadi a yi addu'a." Na ce in je gidan 'yar tawa fa? Ya ce sai na buga waya tukuna. Na ce, "'Yar da na haifa?" Ya ce ko ita ce.

Ranar Laraba 'yata ta kai ni ɗakin nata, a wani dogon gini kusa da babban titin Wendover, inda motoci ba sa yankewa. Ta bar ni da maƙwabciyarta ta tafi aji. Anti Saratu ake ce mata, 'yar Jos, Kirista, nas ce a gidan kula da tsofaffi, ga baki ga hannu a buɗe. Ta kawo mini gwate da zafinsa, ranar na fara ƙoshi a ƙasar. Ina ci tana zaune tana kallona.

"Baba, ka san a nan likita ba ya ɓoye wa mara lafiya komai? Zai ce masa saura wata biyu, ya kira 'ya'yansa."

Na ce wannan ai rashin imani ne, wa ya san gobe in ba Allah ba?

"Haka na ce da na zo," in ji ta. "Amma na ga masu zuwa su riƙe hannun uwarsu. Baba, ka yi haƙuri, ni ba na iya rufe baki. Ranar da aka bugo wa Malama waya, a ɗakin wanki na ƙasa na same ta a kwance a kan siminti. Ni na ɗauke ta. Da safen ranar ta saya wa mamanta rigar sanyi, wai an ce mata da sauƙi."

Na ajiye cokali. Raina ya ɓaci, na ji kamar in ce mata ina ruwanki, amma gwatenta na cikina, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Ranar Alhamis aka yi ajin. Ɗalibai kamar ashirin, farare da baƙaƙe, wani da kofi a hannu, wata ta ɗora ƙafa a kujera a gaban malama. Na ga 'yata ta tsaya tana magana ba tsoro, rabi Faransanci rabi Turanci. Ta ce masu fim ɗin nan suna da 'yanci da yawa. Suna mayar da gumaka shugabannin kamfani ko likitoci, su mayar da lahira ramin kwal, su mayar da jirgin ruwan yaƙi babbar mota, don mai kallo ya ga kansa a ciki. Wani ma ya ba matar makaɗin nan baki ta yi magana, alhali a tsohuwar tatsuniya shiru take. Amma akwai ƙashin bayan labari, in ka cire shi labarin ya zama wani abu dabam. Sai ta karɓi hulata, ta ɗaga, ta ba su labarin yadda nake yi. Ta ce a shekararta ta farko a ƙasar an nuna fim ɗin makaɗin a aji, tun kafin a fara ta ɗaga hannu ta ce ta san shi, ƙarshensa biki ne. Ranar ta fara ganin waiwayen, tana da shekara ashirin da biyu. Ɗaliban suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

Ta ajiye hular a teburinta, ta kunna fim ɗin, ta miƙo mini lasifika. Jama'a, bakin bai manta ba! Na shiga yi musu da Hausa, ina canza murya, ina yi wa tsohon mai tsaro tari, tana mayar musu da Turanci, suna ta dariya. Na ji ni kamar ɗan shekara talatin. Har aka zo wurin hawan fitowa daga ramin. Makaɗi a gaba, amarya a baya, haske ya fara bayyana. Hannuna da kansa ya tafi kaina. Hular da ke kaina sabuwa ce, majigin kuma yana can manne a silin, ko da sanda ba zan kai ba. Makaɗin ya waiwaya. Na ga fuskar matar tana komawa cikin duhu, bakinta na motsi. Shekara talatin da wani abu rabona da ganin wurin nan na fim ɗin. Lasifika na hannuna, ɗakin tsit, na kasa cewa komai har rubutun ƙarshen fim ya hau.

Wata ɗaliba ta tambayi me ya sa nake rufewa. Na ce mutanenmu wahalarsu ta ishe su, ba su zo sinima don su ƙara ba. 'Yata ta fassara mata. Sannan, tana tattara takardu, ba ta dube ni ba, ta ce da Hausa a hankali, "Amma ba ka tambaye su ba, Baba."

Kwana uku maganar nan tana cina. Akwai abin da ba ta sani ba, ku ma ba ku sani ba. Duk shekarun nan abin da na gaya mata shi ne uwarta ta tafi cikin barci, ba ta san inda take ba, ba ta sha wuya ba.

Ranar Lahadi bayan azahar na buga waya, kamar yadda ake yi a can, na ce zan zo. Alhaji ya ajiye ni. Na ce ta kunna mini fim ɗin daga wurin hawan, ta kashe sautin. Ban iya duban idonta in yi magana ba, ban taɓa ba. Na ja kujera gaban talabijin, ita tana bayana a kan darduma, kamar dai zamanin akwatin fim. Na kafa ido a kan makaɗin, na fara.

Na ce, "Kwana tara ta yi a kwance, kuma da hankalinta har ranar ƙarshe. Ciwon yana da zafi, ba ta barci sai an yi allura. Rana ta biyu ta ce a kira ki. Na ce mata na kira, kina neman jirgi. Rana ta huɗu ta tambaya, na ce kina hanya. Ta sa aka juya gadon ya fuskanci ƙofa. Ta sa ƙanwarki ta share ɗakinki, ta wanke zanen gado. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta ɗago kai. Rana ta takwas na ce kin sauka Yamai. Ta ce a dafa miki dambu. Da safen ta tara ta ce, 'Motar ta yi latti.' Ba ta ƙara magana ba. Ke na ce miki barci take, ita na ce mata kina hanya. Ni na yi, ba wanda ya sa ni. Tsoro na ji. Na ga kamar in na kira ki, na yarda ke nan za ta mutu."

A talabijin makaɗin ya riga ya waiwaya, rubutu na hawa. Ban juya ba. Ina jin kukanta a bayana, irin wanda ba ya fita da ƙara. Ni ma hawaye na zuba a gemuna, ban share ba. 

Can ta ce, "Wa ya ci dambun?"

Na ce, "Masu zaman makoki."

Ta tashi ta shiga makewayi, na ji ruwa na zuba. Da ta fito ta dafa shayi, ta ajiye mini, ta zauna, ba a bayana ba, a gefena. Ta yi ta tambaya: wane zane ke jikinta, wa ya yi mata wanka, a wane gefen maƙabarta take. Duk na amsa, wanda ban sani ba na ce ban sani ba. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, don na ga ba ranar ba ce. Amma da Alhaji ya zo ɗaukata, ta leƙa ta taga ta ce masa ya kawo jakata, a nan zan ƙarasa kwanakina. Ita ta koma kwana wurin Anti Saratu, da safe ta hawo mu karya tare.

Kwana biyar muka yi haka. Ta nuna mini wasu finafinan, muna gardama. Na ce mata ni a ganina makaɗin nan ba gaggawa ce ta sa ya waiwaya ba, takun ƙafarta ne ya daina ji. Ta ɗauki biro ta rubuta, ta ce za ta gaya wa ɗalibanta.

Ranar tafiya, a filin jirgi, na tattara ƙarfin hali na yi tambayar da ta kawo ni. Na ce mutane za su tambaye ni yaushe.

Ta ce, "Me kake ce musu da?"

Ba ta jira amsata ba. Ta gane.

"Baba, kada ka sake ce wa kowa ina hanya. Ranar da na taso, ni zan faɗa da bakina. In ban faɗa ba, ban taso ba."

Na ce to. Na tambayi hulata, ta ce tana ofis a kan teburinta, kuma a can za ta zauna. Ta durƙusa ta yi mini sallama, ta sa mini ledar magungunan ƙafa a hannu.

Dawowa ba wani labari, sai jakata da ta kwana biyu a Kazablanka. Washegarin isowata na je maƙabarta, na tsaya a kan Hadiza, na gaya mata yarinyar ba ta taɓa tasowa ba, ba ta ma sani ba, laifin nawa ne. Ranar Juma'ar nan da ta wuce ta bugo, mun yi kusan awa guda, har ta tambayi ko mahaucin da ya jefo benci yana da rai.

To Ila, da kai da sauran masu tambaya, akuya dai ban gani ba ko ɗaya. Sanyi akwai. Zuwanta gida kuma, ban sani ba.